Yadda na gyara wa Baba jin wa'azi a coci

Baba yana da na'urar kunne, amma a cocinmu na Maradi ba ta tsinana masa komai. Rufin kwano, ga fankoki, ga kukan yara, duk ta haɗa ta zuba masa a kunne.

Sai na zagaye benci huɗu na gaba da wayar tagulla, na jona ta da ƙaramin amfilifaya mai karɓar muryar makirfon fasto. Na murza maɓallin na'urarsa zuwa T, mai ɗaukar muryar kai tsaye ta maganaɗisun da wayar tagullar ke fitarwa. Sai ga wani zuuu! Ashe wayar janareta ce ta bi ƙarƙashin bencin. Na janye ta gefen bango.

Ranar Lahadi ya taɓo ni: "Kai yaro, ashe haka faston nan yake da tsawon wa'azi?"