Yadda za ku samo kuɗin horar da ma'aikatan lafiya na unguwa kan ciwon da ya ƙi tafiya

Gwaggona a cikin birnin Zariya ta yi shekaru tana fama da ciwon gwiwa, kullum bayan magariba sai ta tura jikanta kemis ya karɓo mata "haɗi", wato ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle cikin leda ba suna ba komai, ta kora da koko. Ashe harda su diclofenac a ciki, ƙarshe dai gyambon ciki ya kwantar da ita. Malamar asibitin unguwarsu ta san ta sarai, suna haɗuwa a biki da suna, amma ba wanda ya taɓa koya mata yadda za ta zauna da irin su gwaggo ta yi musu bayani. Ciwon da ya wuce wata 3 likitoci sun ware shi daban, kulawarsa ma daban ce, kuma ga mu da masu sikila da ciwon baya da sanyin ƙashi a kusan kowane gida.

To kuɗin horarwar fa? Ku fara cire rai da cewa wata ƙungiyar Turawa za ta zo ta zube muku daloli. Ko za su zo, sai sun ga abin da kuka yi da kanku tukuna.

Ku fara da ɗan kaɗan, ma'aikata kamar 20, su CHEW da JCHEW (ma'aikatan lafiya na unguwa, manya da ƙanana) na gunduma biyu ko uku, kwana biyu. Ku rubuta bajet a takarda ɗaya tak: kuɗin mota, abincin rana, ɗan ihsani ga masu koyarwa, buga takardun bayani da Hausa (in da hali har da ajami, tsofaffinmu da yawa shi suka fi ganewa). Don Allah kar ku kama hol a otal, wallahi nan kuɗin ke ƙarewa, a ci shinkafa a ɗau hoto a watse. Ajin firamare ranar Asabar ya isa. Masu koyarwa kuma ba sai an ɗauko daga Abuja ba, ga asibitin koyarwa na ABU a Shika da masu gashin ƙashi da likitocin jini da ke ganin masu sikila kullum, wasiƙa mai kyau da zuwa da ƙafa suna aiki.

Ƙofar farko da za ku ƙwanƙwasa ita ce kwamitin ci gaban gunduma, WDC, tare da incaj na asibitin. Dalili, akwai asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma wani kaso yana shiga kai tsaye akawun ɗin ƙananan asibitocin da aka zaɓa, su kuma sai sun rubuta tsarin yadda za su kashe kafin su taɓa. Ba zai biya muku komai ba, amma in fita wayar da kai kan ciwo ta shiga tsarin nan kun rage nauyi. Daga nan sai sashen lafiya na ƙaramar hukuma, Zariya ko Sabon Gari, domin in ba su sa hannu ba ma'aikatan ba za su bar aiki su zo ba.

Sauran gibin a gida za a cike. Mai unguwa ya raka ku wajen attajiran unguwa da 'yan kasuwa, liman ya yi sanarwa. Amma kar ku ce zakka kuke nema, malamai za su tsayar da ku tunda ita tana da mutanenta takwas, ku ce sadaka mai gudana. Kuma ku nemi abu takamaimai, Alhaji kai ka ɗauki abinci, kai kuma bugun takardu, mutane sun fi sakin hannu in sun san ina kuɗinsu ya tafi. Kansila da ɗan majalisa ku kai musu takarda, in ta fito alhamdulillah, kar dai ku sa rana saboda alƙawarinsu.

In kuna son tallafin manyan ƙungiyoyi daga baya, ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku karɓi satifiket ɗin SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram, ku buɗe akawun da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu. Akawun ɗin shugaba na kansa shi ke raba zumunci. Ku adana kowane rasit da takardar sa hannun waɗanda suka halarta.

Abin da na fi damuwa da shi, ku ware wajen sulusin kuɗin don bibiya. Bayan wata 3 ku koma asibitocin ku zauna a benci ku saurara: ma'aikaciyar tana gaya wa mai ciwon baya ya riƙa motsa jiki maimakon kwanciya? Tana tambayar me yake sha daga kemis, ko ya fara tiramol? Ta san cewa ciwon da ya zo da rama, ko zazzaɓi, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, na turawa babban asibiti ne nan take, Gambo Sawaba ko Shika? Ku rubuta abin da kuka ji a shafi biyu, shi za ku ɗora a saman takardar neman tallafi ta gaba.