Rabon Muƙamai a Bikin Hausawan Makka da Jidda

Matasanmu na unguwannin Hindawiyya da Rusaifa a Makka suna cewa sunaye irin su arwanka da babban aboki sun tsufa, tunda yanzu istiraha, wato gidan biki na haya, ake kamawa a biya masu hidima. Amma kowane suna aiki yake nufi, kuma bikin da aka raba suna ba a raba aiki ba, shi ne ake kaiwa ƙarfe biyun dare ana neman mai makullin ɗakin amarya.

A fara da waɗanda aure ba ya ƙulluwa sai da su: waliyyi da shaidu biyu maza. A nan Saudiyya ranar milka, wato ranar ɗaurin aure, ana duba takardu. Saboda haka tun saura wata guda a tabbatar katin ɗan ƙasa ko iƙamar (katin izinin zama) kowannensu bai mutu ba, takardar gwajin jini kuma ba ta wuce wata 6 ba. Idan baffa zai tsaya a madadin uba, a yi masa wakilci a rubuce. Cewa "ai shi ya riƙe ta" ba hujja ba ce a gaban hukuma.

Babban aboki ɗaya ya isa. Shi ke riƙe da kuɗin ango, shi ke magana da mai istiraha da mai dafa mandi, wato shinkafa da naman rago. A lissafa rago ɗaya ga mutum 15 zuwa 20, a ƙara faranti biyu saboda 'yan gayyar soɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora masa ɓangaren mata, alhali ƙofar ma ba zai tsallaka ba.

Can ciki aikin babbar ƙawa ne, kuma nan abin ya fi nauyi. Wayar amarya da gwal ɗinta suna hannunta, ita ke lura kada wata ta ɗauki hoto, ita kuma za ta kira babban aboki kafin zaffa (rakiyar ango da amarya cikin taro) da minti 15 don mata su sa abaya kafin ango ya shigo. A zaɓi mai natsuwa, ko da ba ita ce aminiyar ƙuruciya ba. Mataimaka biyu sun ishe ta. Ƙawaye goma masu anko kyau suke yi a hoto, amma kowacce zaton take wata ta ɗauko akwatin.

Arwanka dai kada a yar da ita. Mai ƙunshin daren gumra, wato daren lalle, kuɗinta za ta karɓa ta tafi. Dattijuwar da za ta yi wa yarinya wanka da turare, ta yi mata faɗa, ta miƙa ta ga dangin miji, gwaggo ce ko inna, ba ta haya ba.

Kuɗin sayen baki kuma, babban aboki da babbar ƙawa su yanke riyal nawa ne tun saura mako guda, a sa a ambulan, kada a tsaya ciniki a ƙofar ɗaki asuba na gabatowa.