Baƙin mai a jikin shadda: kar a fara da ruwa

Jama'a don Allah in baƙin mai ya taɓa muku kaya kar ku yi saurin tsomawa a ruwa, ruwa gishiri da sukari yake narkarwa saboda ƙwayoyin ruwan suna da ɓangarori masu cajin lantarki, shi kuwa mai ba shi da wannan, shi ya sa kullum yake ƙin haɗuwa da ruwa. Kalanzir ne danginsa. Ku shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin tabon, ku ɗiga kalanzir kaɗan ta baya kuna dannawa a hankali, tsumman zai riƙa shanye baƙin, sannan a wanke da omo da ruwan ɗumi. Tawadar biro kuma sifirit na kemis ya fi kama ta. A yi a waje, nesa da murhu da yara.