Na'urar zane mai lilo: inda ɗalibai suka fi tuntuɓe

Shekara uku ke nan ina taya ɗalibaina a Jos haɗa hamonogiraf, teburin nan mai lilo biyu, wato sanduna masu reto da aka ɗaura wa nauyi, ɗaya na kaɗa biro, ɗaya na kaɗa allon takarda, su haɗu su fitar da zobba masu kama da fure, dangin siffofin da Bafaranshe Lisaju ya yi bayaninsu a 1857. Kowace shekara kuskure ɗaya ne ke fara kama su.

Da zarar zane ya ƙi, sai ka ji yaro ya ce, "Malam, a ƙara nauyi." Nauyi ba shi ke sa lilo sauri ko jinkiri ba. Tsawo ne. Lilo mai mita 1 yakan je ya dawo cikin kusan daƙiƙa 2. In kana so ɗaya ya ninka ɗan'uwansa sauri, yanke rabi bai isa ba, sai ka mai da shi kashi ɗaya cikin huɗu, wato santimita 100 da 25. In kuma uku da biyu kake so, 90 da 40. Awon kuma daga maratayi ne zuwa tsakiyar nauyin, ba ƙarshen sanda ba. Tunda ita ma sandar tana da nata nauyin, lissafi kaɗai ba zai kai ka ba. Ɗauki wayarka ka auna lokacin kaɗawa 20 na kowane lilo, ka riƙa matsar da nauyin sama ko ƙasa har su daidaita. Ni na fi son a bar ɗan bambanci kaɗan, domin shi ne ke sa zanen ya riƙa juyawa a hankali maimakon biro ya yi ta bin sawunsa.

Amfanin nauyi shi ne lilo ya daɗe bai tsaya ba. Gwangwanin madara cike da siminti ya wadatar.

Sai biro. Yara suna barinsa ya danne takarda, kafin minti ɗaya komai ya mutu. Ɗaura ɗan ƙarfe a wutsiyar hannun da ke riƙe da shi, yadda bakinsa zai shafi takarda kawai, kuma a samu takarda mai santsi. Maratayin ma kada ya zama ƙusa cikin ramin katako; tsinin ƙarfe a kan farantin ƙarfe ya fi.

Teburi mai rawa yana shanye ƙarfin lilo. In ka je Kasuwar Katako, ka gaya wa kafinta ƙafafu masu kauri kake so, da gicciye a tsakaninsu.

Wanda ya fi ba ni tausayi ya faru a Disamba. Wata ɗaliba ta gyara komai, iskar hunturu ta shigo ta taga ta karkatar da zanen a tsakiya. Yanzu kafin a saki lilo sai an rufe taga, an kashe fanka, kuma ba a sauke biro sai lilon ya kaɗa sau biyu ko uku ya nutsu.