Tamfol ba ya tsatsa, amma ƙarfen da ke ɗauke da shi fa?

Daga Kura da Bunkure har can Auyo da Haɗeja, rumfar ƙarfe mai rufin tamfol ta samu shiga. Wani ya zuba shinkafa, wani taki, wani kaji. Mai sayarwa zai ce maka tamfol ba ya tsatsa kamar kwano, kuma bai yi ƙarya ba. Ƙarfen ne ke yi, daga inda ido ba ya kaiwa.

Kuskuren da ya fi kayar da rumfa shi ne a haƙa rami a soka bututun ƙarfen ginshiƙi a ƙasa tsurarsa. Bayan damina biyu ko uku, tona gindin da bakin fartanya: sama fes, amma daidai inda ya haɗu da ƙasa yana ɓarewa kamar ɓawon itace. A fadama abin ya fi muni. A zuba kankare ya taso kamar taƙi guda, a karkata samansa kada ruwa ya kwanta. A kuma toshe bakin bututun, in ba haka ba ruwan sama ya cika shi ya ci shi ta ciki.

Sai walda. Mutum ya zuba kuɗi ya sayi bututun galbanayiz, wutar walda ta ƙone tutiyar da ke kare shi a kowace mahaɗa, a watse a bar ta haka. A goge wurin da buroshin ƙarfe, a shafa fenti mai tutiya tun ranar.

Takin zamani kuwa magabcin ƙarfe ne. Yuriya da NPK suna jan laima su narke. Na ga rumfar da aka jingina buhuna da ginshiƙi, guda ya yage; kafin kaka gindin ya yi jawur, ka danna da ƙusa ta shige. A ɗora buhu kan katako, nesa da ƙarfe, a share abin da ya zube.

Masu kaji, wannan warin kashin da ke sa hawaye shi ma yana cin ƙarfe, musamman in an rufe rumfa ruf saboda sanyin hunturu, gumi na ɗiga daga rufin. A bar mashigar iska ta sama, a riƙa kwashe kashin.

Tamfol in ya yi sako-sako, iskar hadari na kaɗa shi yana goge fentin, shi ma yana hujewa. Kafin ruwan farko a ja shi ya ɗame, a naɗa tsohon tiyub duk inda yake gogar ƙarfe.