Yadda ƙasa za ta gyara tsarin lafiyarta har kowa ya samu magani ba tare da ya talauce ba

Idan aka ce kiwon lafiya ga kowa da kowa, ana nufin duk wanda ya buƙaci ganin likita, ko awon ciki, ko tiyata, ko maganin da zai riƙa sha har ƙarshen rayuwarsa, ya samu kulawa mai inganci, kuma kada kuɗin jinyar ya durƙusar da iyalinsa. Ƙasashen duniya sun ɗauki wannan alkawari a shekarar 2015 cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa, suka sa 2030 a matsayin wa'adi. Sai dai rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2023 ya nuna cewa kimanin mutum biliyan 4.5, wato fiye da rabin al'ummar duniya, ba sa samun cikakkiyar kulawar da ta zama dole, kuma kusan biliyan 2 suna cikin ƙuncin kuɗi saboda jinya. A ganina, yawancin gyare-gyaren da suka ci tura sun faɗi ne saboda an birkita jerin matakan, an gaggauta raba katin inshora alhali ba a tanadi kuɗin da zai tsaya masa ba, ba a kuma gyara asibitin da za a kai shi ba.

Abin farawa shi ne ƙasa ta san halin da take ciki, kuma tambaya ɗaya ta fi sauran amfani: cikin duk kuɗin da ake kashewa kan lafiya a shekara, kashi nawa ne ke fitowa kai tsaye daga aljihun majiyyaci a lokacin da yake kwance? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2010 ya bayyana cewa sai wannan kaso ya sauka zuwa kashi 15 ko 20 cikin ɗari kafin talaucin da jinya ke jawowa ya ragu sosai. Ana samun amsar daga binciken kashe kuɗin magidanta, kuma wajibi ne a rarraba ta tsakanin birni da karkara, da tsakanin mawadata da matalauta, domin jimilla takan ɓoye waɗanda abin ya fi shafa.

Daga nan sai maganar kuɗi, kuma a nan ne ya kamata masu tsara gyara su fi daɗewa suna tunani. Ƙa'idar ita ce a tara kuɗin tun mutane suna da lafiya, a ajiye shi a asusun da kowa ke ciki, ta yadda mai lafiya zai ɗauki nauyin marar lafiya, mai hali kuma ya tallafi marar hali. Jamus ta buɗe wannan hanya a 1883 da inshorar ma'aikata wadda ake cire kuɗinta daga albashi, Birtaniya kuma ta bi wata hanyar a 1948 ta kafa tsarin da haraji ke ɗaukar nauyinsa. Cirewa daga albashi tana aiki ne inda yawancin jama'a ke karɓar albashi. A ƙasar da mafi yawan mutanenta manoma ne da makiyaya da ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, babu takardar albashin da za a cire komai daga cikinta, shi ya sa gwamnatoci da dama suka koma ga inshorar ganin dama, wato wanda ya so ya biya ya shiga. Wannan hanya ba ta taɓa kai wata ƙasa ga shigar da kowa da kowa cikin inshora ba, kuma dalilin a fili yake. Saurayi mai jini a jika ba ya ganin dalilin biyan kuɗin cutar da bai yi ba, wanda ya san yana da hawan jini ko ciwon suga kuwa shi ne zai fara zuwa rajista. A haka asusun ke cika da masu yawan jinya, kuɗi ya gaza, a ƙara farashi, sauran masu lafiyar su ma su fice. Saboda haka dole shiga ta zama tilas, kuma kason wanda ba shi da halin biya ya fito daga baitulmali.

Ina za a samo kuɗin? Gana, lokacin da ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003 domin maye gurbin tsarin biya kafin a duba ka, ta ware harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayayyaki da ayyuka musamman domin asusun. Filifin ta ƙara harajin taba da barasa a 2012, ta yi amfani da kaso mai yawa na kuɗin wajen biya wa matalauta inshora, kuma wannan dabara tana da riba biyu tunda tsadar taba tana rage shanta. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya, amma ƙasashe kaɗan ne suka taɓa cika shi. Ina ganin ministan lafiya da ke son gyara na gaskiya ya kamata ya ba zaman da yake yi da ministan kuɗi muhimmanci fiye da kowane taro, domin a can ake yanke ko shirin zai rayu.

Idan kuɗi ya samu, kada a raba shi asusu-asusu. Wuri guda na ma'aikatan gwamnati, wani na kamfanoni, wani ƙarami na talakawa, wannan yana nufin kowane rukuni zai samu kulawa gwargwadon arzikinsa. Koriya ta Kudu ta shigar da dukkan jama'arta cikin inshora a 1989 ta hanyar ɗaruruwan ƙungiyoyin inshora, amma sai da ta haɗe su wuri guda a 2000 saboda bambancin da ke tsakaninsu. Wanda ya riga ya saba da gata ba ya sakinsa cikin sauƙi, don haka ya fi kyau a guje wa rarrabuwar tun farko.

Kafin a yi shelar cewa jinya ta zama kyauta, a duba cibiyar lafiya ta matakin farko wadda ta fi kusa da jama'a. A ɗauki misalin mace mai naƙuda da aka kawo da tsakar dare, katinta a hannun mijinta. Ƙofar ɗakin haihuwa a buɗe take, amma ungozoma ɗaya ce tal, kuma ta yi aiki tun safe. Babu wuta sai hasken waya, babu allurar tsayar da jini, sai aka miƙa wa mijin takarda aka ce ya je ya nemo a waje. A rajistar hukuma wannan mata tana cikin waɗanda inshora ta ɗauki nauyinsu, a zahiri kuwa mijinta zai ci bashi kafin gari ya waye. Yuganda ta soke kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati a 2001, jama'a suka yi tururuwa, matalauta suka amfana, amma ƙarancin magani ya tura mutane da yawa sayen shi a waje. Tailan ta bi ta wata hanyar. Tun shekarun 1970 ta wajabta wa sababbin likitoci yin aikin shekara uku a inda gwamnati ta tura su, ta karkatar da kuɗin gini zuwa asibitocin gundumomi da ƙananan cibiyoyi, har ta kai kusan kowace gunduma tana da asibitinta. Lokacin da ta kafa dokar kiwon lafiya ga kowa da kowa a 2002, akwai inda majiyyaci zai je, akwai kuma wanda zai tarar. Habasha kuma, daga 2003, ta horar da 'yan mata na shekara guda, ta tura su biyu-biyu ƙananan cibiyoyin ƙauyuka da albashin gwamnati, suna yin rigakafi da wayar da kai da kula da masu juna biyu. Wannan shi ne abin da taron ƙasashen duniya kan kiwon lafiya a matakin farko da aka yi a birnin Alma-Ata ya yi kira a kai tun 1978, kuma har yanzu shi ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, saboda ginin babban asibiti ya fi ɗaukar ido a lokacin siyasa.

Mataki na gaba yana da ɗaci, domin a nan ake rubuta abin da asusun zai biya da abin da ba zai biya ba tukuna. Babu ƙasar da ke iya biyan komai, kuma wadda ta yi alkawarin komai takan ƙare da dogon layi da rumbun magani babu kowa a ciki. A fara da abin da ke ceton rayuka masu yawa da kuɗi kaɗan, kamar rigakafi, haihuwa a hannun ƙwararru, jinyar yara, tarin fuka, da magungunan hawan jini da ciwon suga, sannan a riƙa faɗaɗawa. Tailan ba ta sa wankin ƙoda a cikin shirinta ba sai a 2008, kuma ta fara ne da nau'in da majiyyaci zai iya yi a gida. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a yanke irin wannan hukunci a bainar jama'a, bisa hujjar da ƙwararru suka auna, tare da wakilan majiyyata a wurin, domin idan aka yi shi a ɓoye masu faɗa a ji ne za su cusa bukatunsu.

Yadda ake biyan asibitoci ma yana sauya halin ma'aikata. Idan ana biyan kowane gwaji da kowace allura daban, za a ga gwaje-gwaje sun yawaita ko da babu bukata. Idan kuma aka ba cibiya ƙayyadadden kuɗi kan kowane mutum da ya yi rajista da ita a shekara, za ta so mutanenta su zauna lafiya, amma akwai haɗarin ta riƙa tauye kulawa, don haka sai an haɗa da sa ido kan inganci. Ga masu kwanciya, biya bisa nau'in cuta ya fi biya bisa yawan kwanaki. Ko wanne aka zaɓa, a biya a kan lokaci. Asibitin da ya yi watanni yana bin asusu bashi zai koma karɓar kuɗi a hannu, kuma daga ranar jama'a za su daina yarda da katin. Haka nan sayen magani a dunƙule, tare da fifita magungunan da ba na tambarin kamfani ba amma aka tabbatar da ingancinsu, yana rage ɓarna ƙwarai, musamman da yake rahoton 2010 ɗin nan ya ƙiyasta cewa kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na kuɗin lafiya yana salwanta ba tare da ya amfani kowa ba.

Duk wannan yana bukatar doka mai ƙarfi da goyon bayan da ya wuce jam'iyya ɗaya. Burazil ta rubuta haƙƙin lafiya a kundin tsarin mulkinta na 1988, kuma tsarinta ya ci gaba duk da sauyin gwamnatoci. Meziko ta kafa inshorar da ta ɗauki nauyin miliyoyin marasa albashi a 2003, amma aka rushe ta a 2020, hukumar da ta gaje ta ita ma aka soke ta bayan shekara uku. Saboda haka dokar ta fayyace tushen kuɗin, ta ware hukumar da ke sayen kulawa daga ma'aikatar da ke gudanar da asibitoci, ta kuma wajabta wallafa rahoto duk shekara. A cikin rahoton, kada a tsaya kan yawan katunan da aka raba. A faɗi mata nawa ne suka haihu a hannun ungozoma, kwana nawa cibiyoyi suka yi babu muhimman magunguna, wata nawa asibitoci suka jira kafin a biya su, da kuma gidaje nawa ne suka kashe fiye da kashi 10 cikin ɗari na abin da suke samu a kan jinya.