Yadda Ake Warware Rikicin Fayil Yayin Sabunta Manhaja a Linux

Duk mai amfani da Ubuntu ko Debian a nan Katsina, ko ɗalibi ne ko mai shagon kwamfuta, wata rana zai ga sabuntawa ta tsaya cak bayan ya riga ya kashe data wajen saukar da ita, da saƙon da ke cewa "trying to overwrite", sai hanyar wani fayil, sai "which is also in package". Abin da nake roƙon mai karatu shi ne kada ya yi gaggawar kwafo umarnin tilastawa daga intanet, domin kwamfutar ba ta lalace ba, shaida take nema.

Manhajar dpkg, wadda apt (umarnin saukarwa da sabunta manhaja) ke aiki a kanta, tana riƙe da rajistar kowane fayil da ƙunshin (wato package, damin fayilolin manhaja guda) da ya kawo shi a cikin /var/lib/dpkg/info, kamar yadda dagaci ya san iyakar gonar kowa a ƙauyensa. Idan sabon ƙunshi ya zo zai rubuta fayil a wurin da rajista ta ce na wani ne, sai dpkg ta ƙi. Saboda haka aikin farko shi ne sanin mai fili. Rubuta dpkg -S tare da cikakkiyar hanyar fayil ɗin, zai nuna maka ƙunshin da ke riƙe da shi, sannan ka rubuta apt policy da sunan kowane ɗaya daga cikin ƙunsoshin biyu da ke rikicin domin ka ga rumbun (wato ma'ajiyar manhaja ta intanet) da ya fito.

Nan ne gaskiya kan bayyana. Sau da yawa ɗayansu baƙo ne, ya shigo ta wani PPA (rumbun wani mutum, ba na hukuma ba) da aka ƙara tuntuni aka manta, ko ta fayil ɗin .deb da aka sauko daga wani shafi ko aka karɓa a filasha daga aboki. Idan haka ne, a cire baƙon da sudo apt remove. Idan apt ta ƙi saboda aikin ya tsaya rabi, a yi amfani da sudo dpkg -r, sannan a bi da sudo apt --fix-broken install. Kafin ka amsa da Y, karanta jerin abubuwan da za a cire a tsanake, domin idan ka ga sunayen da suka shafi fuskar tebur ɗinka (wato desktop) a ciki, tsayawa ya wajaba. Game da data kuwa, hankalinka ya kwanta, tunda abin da ka sauko yana nan a /var/cache/apt/archives.

Tilastawa tana da gurbinta, amma ƙunƙuntacce ne. Idan dukansu biyu daga rumbun hukuma suke, kuma an mayar da fayil ɗin ne daga tsohon ƙunshi zuwa sabo ba tare da an rubuta hakan a bayanansa ba, to sudo dpkg -i --force-overwrite a kan wannan .deb guda ɗaya ya isa, a biyo da --fix-broken install. Ni ba na ba kowa shawarar --force-all, domin yana kashe kariyar dpkg gaba ɗaya a lokaci guda.

Masu Arch Linux lamarinsu ya ɗan bambanta. Pacman, manhajar da ke kula da ƙunshi a can, tana ƙin rubutawa a kan duk fayil ɗin da ta tarar, ko da ba shi da mai shi, ta ce "exists in filesystem". A tambaye ta da pacman -Qo. Idan ta ce babu ƙunshin da ya mallake shi, galibi umarnin girka manhaja da hannu irin su sudo pip ko make install ne suka ajiye shi, sai a canza masa suna da mv maimakon a goge shi, a sake sabuntawa. Zaɓin --overwrite, wanda ya maye gurbin --force a pacman 5.1 a shekarar 2018, a ba shi hanyar fayil ɗin da ake rikici a kansa kaɗai, kada a ba shi alamar tauraro (*), wadda ke nufin kowane fayil.

Kada a fara wannan gyara sai batir ya cika ko inji na aiki. Idan kuwa aka ɗauke wuta a tsakiya, umarnin farko bayan kunnawa a Ubuntu shi ne sudo dpkg --configure -a.